Faɗin Bututun Salansa: Kimiyyar da ke Ƙarƙashin Tsohuwar Fijo

Gabatarwa

Duk wanda ya taso a ƙasar Safana da Batsari ya san motar nan Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo. Shekara da shekaru ita ce ke jigilar mutane da buhunan hatsi tsakanin garuruwa irin su Zakka da Runka da kasuwannin yankin, ita ce kuma ake nema cikin dare idan za a kai marar lafiya asibiti a Dutsin-Ma ko Katsina. Yanzu ƙananan motoci na baya-bayan nan sun maye gurbinta a yawancin tashoshi, amma jefi-jefi akan ci karo da tsohuwar a-kori-kura tana fama da kaya, ko kuma wata da mai ita ya gyara ya adana saboda ƙauna.

Tsohuwar mota kuwa ba ta rabo da gareji, kuma salansa na cikin sassan da suka fi saurin lalacewa. Tsatsa kan cinye ta, dutse kan fasa ta. Da yake samun ta asali ya yi wuya, sai a nufi wurin mai walda ya haɗa wata. A nan ne akan ji zance irin wannan:

"Oga, sa mini babban bututu, inci 3, don motar ta sami numfashi ta ƙara ja."

"A'a Alhaji, ƙarami ya fi. Idan hayaƙi bai ɗan tokare ba, inji ba ya ƙarfi, kuma zai sha mai."

Kowannensu yana da ɗan abin da ya hango, amma dukkansu sun kauce wa gaskiya. A wannan maƙala za mu bi hayaƙi tun daga cikin inji har zuwa inda yake fita, mu ga yadda ɗan lissafin da ake koyarwa a makarantar sakandare zai raba wannan gardama.

Motar da Muke Magana a Kanta

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da ƙirar 504 a shekarar 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. A 1975 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda ake yi kan hanyoyin turɓaya da taɓo. A wannan shekarar ce kuma masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, aka ci gaba da fitar da 504 daga can har zuwa 2006, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Faransa. Ɗaya daga cikin injinanta da aka fi sani shi ne mai silinda 4, mai girman lita 1.971, wato kusan lita 2, wanda ƙarfinsa ya ɗan gaza ƙarfin doki 100. Da wannan inji za mu yi misali.

Yadda Inji ke Numfashi

Injin fetur irin wannan yana aiki ne bisa tsarin da Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala a 1876, mai matakai huɗu. Da farko fistin zai sauka, bawul ɗin shiga ya buɗe, silinda ta shaƙi iska gauraye da fetur. Na biyu, fistin ya hau ya matse su. Na uku, fulogi ya ba da tartsatsi, cakuɗen ya kama da wuta ya tunkuɗa fistin ƙasa da ƙarfi. Wannan shi ne matakin da ke tura mota. Na huɗu, bawul ɗin fita ya buɗe, fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi waje.

Abin lura a nan shi ne, silinda kamar ƙwarya take: ba za ta ɗauki sabuwar fura ba sai an juye abin da ke ciki. Duk hayaƙin da ya maƙale a silinda ya cinye gurbin da sabuwar iska da fetur za su shiga, don haka wutar da za ta biyo baya za ta yi rauni. Aikin bututun salansa ke nan, ya kwashe hayaƙi da sauri, ya rage ƙara, ya kai shi nesa da hancin mutanen da ke cikin mota.

Nawa ne Yawan Hayaƙin?

Kafin a zaɓi bututu dole a san yawan abin da zai bi ta cikinsa. Bari mu ƙaddara direbanmu ya ɗauko kaya, ya take totur har ƙasa yana hawan tudu, injin yana juyi 3,000 a minti ɗaya.

Kowace silinda tana shaƙar iska sau ɗaya ne a cikin juyi biyu. Ke nan injin gaba ɗaya zai cika ya juye sau 1,500 a minti. Idan muka ninka 1,500 da lita 2 za mu sami lita 3,000. To amma silinda ba ta cika maƙil. Bari mu ɗauka kashi 80 cikin 100 take samu. Wannan ya ba mu lita 2,400 a minti, wato lita 40 a kowace daƙiƙa.

Wannan iskar da ta shiga ke nan. Wadda za ta fito ta fi ta girma nesa ba kusa ba, domin zafi yana kumbura iska. Dokar da ake jingina wa masanin Faransa Jacques Charles, wadda Gay-Lussac ya wallafa a 1802, ta nuna cewa idan matsi bai canja ba, girman iska yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da zafinta a ma'aunin Kelbin. Iskar da ta shiga da zafin digiri 30 a ma'aunin Selshiyos tana kan 303 a Kelbin. Idan hayaƙi ya fito da zafin digiri 600, yana kan 873 ke nan. Raba 873 da 303, za ka sami kusan 3. Saboda haka lita 40 ta zama wajen lita 120 a daƙiƙa ɗaya. Don mai karatu ya gane girman abin, wannan daidai yake da jarkoki 6 masu cin lita 20, suna wucewa ta bututu kafin mutum ya ƙifta ido sau biyu.

Idan Bututu ya yi Ƙanƙanta

Mu fara da ra'ayin mai walda. Kalmomi biyu za mu bambance. Faɗin bututu shi ne tazarar da ke tsakanin gefe da gefe idan aka ratsa ta tsakiyar bakinsa. Filin baki kuwa shi ne girman ramin da hayaƙi zai bi, kuma ana samun sa ne ta ninka rabin faɗi da kansa, sa'an nan a ninka da 3.14. Wannan na nufin idan aka ninka faɗi sau biyu, fili zai ninku sau huɗu.

Gudun hayaƙi a cikin bututu shi ne yawansa a daƙiƙa a raba da filin baki. Idan rami ya ƙuntata, dole hayaƙi ya ƙara gudu, kuma gwargwadon gudunsa gwargwadon gogayyar da zai yi da bangon bututu. Wannan gogayya ita ke haifar da matsin da ke komawa baya ya tokare inji. Daga binciken da injiniyoyi irin su Henry Darcy na Faransa da Julius Weisbach na Jamus suka yi kan gudanar ruwa a bututu a ƙarni na 19, an gano cewa idan yawan abin da ke gudana bai canja ba, wannan tokarewa tana ƙaruwa kusan daidai da raguwar faɗi idan an ninka ta da kanta sau biyar. Alal misali, wanda ya cire bututu mai inci 1¾ ya sa mai inci 1½ ya rage rubu'in inci ne kawai, amma tokarewar da ke cikin bututun ta ninka fiye da sau biyu.

Sakamakon haka a bayyane yake. Fistin zai ɓata wani kaso na ƙarfinsa wajen tura hayaƙi, ƙarfin da ya kamata ya tafi ga tayoyi. Ragowar hayaƙi zai zauna a silinda. Zafi zai taru a kan bawul ɗin fita, har ya kai ga ƙone shi. Direba zai ga motar tana tashi lafiya, amma da ya nemi gudu sai ta shaƙe kamar mai mura, shi kuwa ya ƙara take totur, mai ya ƙara zuba. Saboda haka zancen cewa inji yana buƙatar hayaƙi ya tokare shi kuskure ne. Babu injin mai matakai huɗu da ke amfana da toshewa.

Idan Bututu ya yi Faɗi da Yawa

To, ashe direba ne ke da gaskiya? Ba a nan gizo ke saƙa ba. Hayaƙi ba ya fita a jere kamar ruwan famfo. Dunƙule-dunƙule yake fita, duk lokacin da wani bawul ya buɗe. A inji mai silinda 4 da ke juyi 3,000 a minti, dunƙule 100 ne ke shiga bututu a kowace daƙiƙa.

Kowane dunƙule yana da nauyi, kuma abu mai nauyi idan ya ɗauki gudu ba ya son tsayawa, kamar yadda dokar farko ta Isaac Newton ta bayyana. Yayin da dunƙule ya yi gaba da gudu, yakan bar wuri mai ƙarancin matsi a bayansa. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi babbar mota ta wuce shi a guje ya ga yadda ganyaye da ledoji ke tashi su bi bayanta. Haka wannan ƙarancin matsi yake zuƙo ragowar hayaƙin da ke cikin silinda. Bugu da ƙari, akwai ɗan lokaci a ƙarshen mataki na huɗu da bawul ɗin fita bai gama rufewa ba, na shiga kuma ya fara buɗewa. Idan zuƙar ta zo a daidai wannan lokaci, har sabuwar iska takan taimaka wajen jawowa.

Bututu mai faɗi fiye da kima yana kashe wannan gudu. Ku dubi ƙorama da damina: inda ta ƙuntata ruwa yana gudu yana kwasar yashi, inda ta baje kuwa sai ya lafa ya zubar da abin da ya ɗauko. Hayaƙin da ya lafa yana saurin hucewa, zuƙarsa ta yi rauni, wani lokaci ma ya ɗan koma baya cikin silinda. An fi jin illar wannan lokacin da inji ke juyi a hankali, wato wajen tashi da kaya, ko ratsa yashi, ko fita daga kwazazzabo. Irin aikin da motar karkara take yi kullum ke nan. Wannan shi ne abin da mai walda ya lura da shi, sai dai ya ba shi sunan da ba nasa ba. Gudun hayaƙi ne ya taimaki injin, tokarewa kuwa haraji ce da ake biya don a sami gudun.

Ya kamata a yi adalci a nan. Wannan zuƙa ta fi tasiri a kusa da inji, wato a mahaɗar bututai da makanikai ke kira manifol da bututun farko da ke biye da ita. Faɗaɗa wutsiyar da ke bayan tukunyar salansa ba ya rage ƙarfi sosai, amma ba ya ƙara komai sai ƙara. Yana kuma da wata illar. Duk litar fetur da ta ƙone tana haifar da kusan lita guda ta ruwa a matsayin tururi. A bututu mai faɗi, musamman da sanyin hunturu ko a gajeruwar tafiya, tururin yakan huce ya zama ruwa ya kwanta, ya ci ƙarfe daga ciki. Babban bututu kuma ya fi kusa da ƙasa, don haka shi dutse ke fara samu.

To, Wane Faɗi ya Dace?

Masu gyaran injinan tsere a Ingila da Amurka suna da wani ƙiyasi da suka samo daga gwaji, wanda idan aka mai da shi ma'aunin mita yake nufin kowane santimita murabba'i na filin baki zai ɗauki hayaƙin kimanin ƙarfin doki 8 ba tare da tokarewar a-zo-a-gani ba. Ƙiyasi ne na aiki, ba doka ba ce irin ta Newton, amma yana shiryarwa. A tuna kuma cewa galibi da faɗin waje ake sayar da bututu. Idan kaurin bangonsa milimita 1.5 ne, sai a cire milimita 3 kafin a sami faɗin ciki. Ga abin da lissafi ya bayar, tare da gudun hayaƙinmu na lita 120 a daƙiƙa:

Inci 1½: fili santimita murabba'i 9.7, gudu mita 124 a daƙiƙa, ya ishi ƙarfin doki 77.

Inci 1¾: fili 13.5, gudu mita 89, ya ishi ƙarfin doki 108.

Inci 2: fili 17.9, gudu mita 67, ya ishi ƙarfin doki 143.

Inci 2½: fili 28.7, gudu mita 42, ya ishi ƙarfin doki 230.

Inci 3: fili 42.1, gudu mita 29, ya ishi ƙarfin doki 336.

Injin da ƙarfinsa bai kai doki 100 ba yana buƙatar fili wajen santimita murabba'i 12. Ke nan inci 1½ ya yi masa kaɗan, inci 1¾ ya wadatar, inci 2 kuma shi ne iyakar abin da hankali zai ɗauka. Bututun inci 3 da direba ya nema na injin da ya ninka nasa fiye da sau uku ne, kuma zai mai da gudun hayaƙi kashi ɗaya cikin uku na abin da inci 1¾ zai bayar. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Hanya mafi sauƙi ita ce, idan tsohon bututun na asali ne, a auna shi kafin a yar, a nemi irinsa. Injiniyoyin da suka ƙera motar sun riga sun yi wannan lissafi, sun kuma daidaita kafireta da shi. Wanda ya canja faɗin sosai yana iya rikita ma'aunin iska da fetur, wanda ya kamata ya tsaya kusa da kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur ta fuskar nauyi. Idan an canja, to a sa makanike ya sake saita kafireta.

Abubuwan da ke Ɓata Lissafi

Bututu ba ya wuce mafi ƙuncin wurin da ke jikinsa. Idan aka lanƙwasa shi da ƙarfin tsiya ya lotse a gwiwa, to faɗin gwiwar nan shi ne faɗinsa na gaskiya. Tsohuwar dabarar maƙera ita ce a cika shi da yashi a toshe kafin a gasa a lanƙwasa, amma lalle yashin ya bushe ƙarau, domin mai danshi zai zama tururi ya fashe. Haka nan narkakken ƙarfen walda da ya zubo ciki, ko lotsewar da dutse ya yi, ko tukunyar salansa da cikinta ya ruguje, kowannensu na iya tokare hayaƙi fiye da ƙaramin bututu. Sau da yawa direba kan ce babban bututu ya ƙara wa motarsa ƙarfi, alhali ruɓaɓɓiyar tukunyar da aka cire ce ta kasance matsalar tun farko.

A guji amfani da farin bututun ruwan famfo. Yana da nauyi, yana karya maratayi, kuma abin da aka shafe shi da shi, wato sinadarin zinki, yana fitar da farin hayaƙi a wajen walda mai sa wa mai aikin zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Mafi muhimmanci duka shi ne inda bututun ya ƙare. Hayaƙin injin fetur yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tsofaffin motoci masu kafireta sun fi na zamani fitar da ita. Tana kama sinadarin himogulobin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Idan aka datse bututu a ƙarƙashin mota don tsimin kuɗi, ko aka bar mahaɗa tana yoyo, iskar za ta bi ramukan tsatsa ta shiga inda fasinja suke. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da barci, abubuwan da akan ɗora wa gajiyar hanya. Direban da barci ya ɗauke shi a kan sitiyari ya jefa rayuka cikin haɗari. Dole bututu ya fita har bayan mota ko gefenta, kuma kada a bar inji yana aiki a rufaffen wuri.

Game da ƙara kuwa, masana lafiya sun nuna cewa zama cikin ƙarar da ta kai desibel 85 na tsawon awa 8 a kullum yana lalata ji sannu a hankali. Motar da aka cire wa tukunya tana ruri kamar zaki, direba ya ji kamar ta ƙara ƙarfi, amma kunne ne ke yaudararsa. Hausawa sun ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Aiki ga Ɗalibai

Malamai na iya gwada waɗannan a aji ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Na ɗaya, a sami motar da injinta ya huce sarai, a zagaya zare a jikin bututun salansa, a auna tsawon zaren da rula, a raba da 3.14 don samun faɗin waje, sa'an nan a cire milimita 3 a lissafa filin baki. Na biyu, a sami tiyo biyu masu tsawo ɗaya da faɗi daban, a zuƙo ruwa da kowanne daga bokitin da ke kan tebur zuwa wanda ke ƙasa, a ƙirga daƙiƙoƙin da kowanne ya ɗauka kafin ya cika gwangwani, a kwatanta da filin bakinsu. Na uku, a kunna kyandir a nesa da taku ɗaya, a hura masa iska ta siririn bututu, sa'an nan ta mai faɗi, da numfashi iri ɗaya, a ga wanda ya fi kaɗa harshen wutar. Na huɗu, injin Peugeot 404 yana da girman lita 1.618, a bi matakan da muka bi a sama a gano yawan hayaƙinsa a juyi 3,000.

Kammalawa

Mun ga cewa ƙaramin bututu yana shaƙe inji, babba kuma yana kashe gudun da ke taimaka masa ya fitar da hayaƙi. Abin da ake nema shi ne mafi ƙanƙantar faɗin da zai kwashe hayaƙin injin ba tare da ya tokare shi ba, kuma ga Fijo mai lita 2 wannan yana tsakanin inci 1¾ da inci 2. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace lita da mota ta sha a banza tana fita ne daga abincin iyalin direba da aljihun fasinja. A yankin da matsalar tsaro ta addaba a shekarun nan kuma, babu mai so mota ta kasa hawan tudu a gefen Dajin Rugu da magariba. Ɗalibin da ya iya lissafin filin da'ira da dokar Charles yana da abin da zai faɗa wa mahaifinsa ko yayansa ranar da za su je wurin mai walda. Ya riƙe zare da rula, ya roƙi a bar shi ya auna tsohon bututun kafin a yanke sabo.